Kuɗin Gunduma da Ƙuri'arka a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar zaɓen gunduma ya ƙarato a Amurka, kusan kowane ɗan takara cewa yake shi ne mai tattalin dukiyar jama'a, abokin hamayyarsa kuma almubazzari. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin mazauna can masu son su gane gaskiyar maganar kafin su kaɗa ƙuri'a. Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, shi ya sa muka kama sunan jiha a duk inda ya kamata.

1. Mece ce gunduma, kuma me take yi da kuɗi?

Gunduma, wadda Amurkawa ke kira kawunti, ita ce matakin mulki da ke ƙasa da jiha. Sun haura 3,000 a faɗin ƙasar, kuma girmansu ba ɗaya ba ne ko kusa: Teksas na da 254, Delaware na da 3 kacal, gundumar Los Angeles kuwa tana da mutum kusan miliyan 10 da kasafin da ya haura dala biliyan 40 a shekara. Yawancinsu su ke ɗaukar nauyin gidan yari, ofishin sherif (shugaban 'yan sandan gunduma), kotuna, hanyoyin karkara da gadoji, lafiyar jama'a, rajistar filaye da gudanar da zaɓe.

Ba ko'ina take da ƙarfi ba. Jihar Connecticut ta soke gwamnatocin gundumominta tun 1960, Rhode Island ma ba ta da su. Mazaunin Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York, ya sani cewa gundumomin ba su da kasafin kansu. Magajin gari da majalisar birni ne ke raba kuɗin, don haka a can ya kamata ya sa ido.

2. Daga ina kuɗin ke fitowa?

Babban ginshiƙi shi ne harajin gidaje da filaye. Sai harajin sayayya a jihohin da suka yarda gunduma ta ɗora nata, sai kuɗaɗen hidima irin na lasisi, rajista da asibiti, sai tallafin jiha da na tarayya wanda galibi yakan zo a ɗaure da sharaɗin abin da za a yi da shi.

Wanda ya saba da ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, masu jiran kasonsu daga asusun tarayya duk wata, zai ga bambanci a nan. Gunduma a Amurka tana tatsar kaso mai yawa na kuɗinta kai tsaye daga aljihun mazaunanta, kuma takardar harajin tana isa har gida da sunan mutum. Wannan ne ya sa zaɓen kwamishina ɗaya, wato ɗan majalisar gunduma, kan iya tayar da ƙura fiye da yadda baƙo zai zata.

3. Su wa ake zaɓa, kuma wane ne ke riƙe da lalitar?

Majalisar gunduma ce ke zartar da kasafi da ƙayyade yawan haraji. Yawanci mutum uku ne zuwa bakwai, ko da yake wasu sun fi haka. A Teksas mutum biyar ne: kwamishinoni huɗu da shugaba mai laƙabin alƙalin gunduma, wanda a manyan gundumomi aikinsa na mulki ne. Wasu gundumomin, kamar Prince George's a Maryland, suna da zaɓaɓɓen shugaban zartarwa da ke tsara kasafi ya miƙa wa majalisa. Wasu kuma majalisa ce ke ɗaukar manaja aiki.

Akwai kujerun da ke can ƙasan takardar ƙuri'a waɗanda mutane ke tsallakewa: ma'aji mai ajiya da juya kuɗin gunduma, jami'in ƙiyasi mai sa wa gidaje daraja, odita ko kwanturola, sherif, da babban mai gabatar da ƙara. Ra'ayinmu shi ne ma'aji da jami'in ƙiyasi sun fi cancantar a ɓata minti goma a kansu fiye da yadda ake yi. Dalilin yana tambaya ta 10 da ta 14.

4. Haya nake yi, ko kuma ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ya shafe ni?

Ɗan haya ma yana biyan harajin gida, a cikin kuɗin hayar da mai gida ya yanka masa. Harajin sayayya kuwa ba ya tambayar takardun kowa.

Amma ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce. Mai katin zama na dindindin kada ya yi rajistar zaɓe, ko da an miƙo masa fom a ofishin lasisin tuƙi, domin iƙirarin zama ɗan ƙasa alhali ba haka ba ne yana iya rushe neman takardar zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. 'Yan garuruwa kaɗan, irin su Takoma Park a Maryland, suna barin baƙi su yi zaɓen gari, wannan kuma bai haɗa da na gunduma ba. Abin da ke buɗe ga kowa shi ne halartar zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi da ƙalubalantar ƙiyasin gida ga mai gida.

5. Ɗan takara ya ce ya rage haraji, amma kuɗin da aka turo mini sun ƙaru. Wa ke ƙarya?

Wataƙila babu mai ƙarya, an dai faɗi rabin magana. Harajin gida abu biyu ne ake ninkawa: darajar da aka ƙiyasta wa gidan, da ma'aunin haraji. A jihohi da yawa ma'aunin ana lissafa shi da mil, wato dala 1 a kan kowace dala 1,000 ta darajar gida.

Ga misali don lissafi kawai. Gida mai darajar dala 300,000 a ma'aunin mil 10 zai biya dala 3,000. Baɗi aka sake ƙiyasi, darajar ta hau da kashi 15 cikin ɗari zuwa dala 345,000, majalisa kuma ta sauke ma'auni zuwa mil 9.5. Mai gidan zai biya dala 3,277.50. Ma'auni ya sauka, haraji ya hau da dala 277.50, kwamishina kuma zai buga a takardar kamfe cewa ya rage haraji. Da ana so mai gidan ya biya daidai da na bara, da sai an sauke ma'aunin zuwa kusan mil 8.7.

Saboda haka adadin da za ka nema shi ne jimillar kuɗin da gunduma za ta tara daga gidajen da dama suke nan, bana da bara. Teksas da Florida sun wajabta a lissafa ma'aunin da zai kawo daidai kuɗin bara a kuma bayyana shi. Duk abin da ya haura shi ƙarin haraji ne, ko me aka kira shi. Ka kuma duba takardarka layi-layi, domin hukumar makarantu, wadda take daban da gunduma, ita ce ke cin kaso mafi girma a wurare da yawa, kuma kwamishina ba shi da iko a kan nata.

6. Babu dokar da ta hana su ƙara haraji yadda suka ga dama?

Akwai, a jihohi da yawa. A Kalifoniya, gyaran tsarin mulki na 1978 da ake kira Kuduri na 13 ya tsayar da harajin gida a kashi 1 cikin ɗari na darajarsa, kuma darajar ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar da gidan. A Kolorado, dokar TABOR ta 1992 ta ce ba a ƙara haraji ko cin bashin shekaru sai da yardar masu zaɓe, kuma rarar da ta wuce iyaka a mayar wa mutane. Gundumomi da dama sun nemi izinin riƙe rarar ta hanyar ƙuri'a sun samu. Teksas a 2019 ta sa iyakar kashi 3.5 cikin ɗari ga ƙarin kuɗin gudanarwa daga harajin gida, wanda ya wuce nan sai an je ƙuri'a.

Teksas na da wata ƙa'ida kuma: sai mutum huɗu cikin biyar sun halarci zama kafin a zartar da ma'aunin haraji. A 2019 da 2022 kwamishinoni biyu na gundumar Harris, inda birnin Houston yake, sun ƙaurace wa zaman, dole aka koma ƙaramin ma'auni. Kujera ɗaya tak kan iya sauya lissafin gunduma mai mutum sama da miliyan 4.

7. Ai doka ta ce kasafi ya daidaita. To ta ina giɓi ke shigowa?

Daidaito a takarda abu ne mai sauƙi. Ana iya toshe rami da kuɗin da ba za su sake zuwa ba: sayar da fili, ɗibar ajiya, kwaso kuɗi daga asusun hanyoyi, jinkirta gyaran rufin kotu, ko kumbura hasashen kuɗin shiga. Ƙa'idar da masana kuɗin gwamnati suka yarda da ita ita ce, kuɗin da ke shigowa kowace shekara su ɗauki nauyin abin da ake kashewa kowace shekara, kuɗin sau ɗaya kuma su tafi ga aikin sau ɗaya.

Gwajin da ya fi kusa shi ne tallafin korona. Dokar agaji ta 2021 ta ware wa gundumomi dala biliyan 65.1, da sharaɗin a ɗaure kuɗin ga ayyuka kafin ƙarshen 2024, a gama kashewa kafin ƙarshen 2026. Gundumar da ta shimfiɗa bututun ruwa ko wayar intanet da su ta gama. Wadda ta ɗauki ma'aikatan dindindin ko ta buɗe sabon shiri da su, dole ta nemo albashin daga wani wuri. Tambayi mai neman tazarce guraben aiki nawa aka biya da kuɗin, kuma wa zai biya su yanzu.

8. Ajiya nawa ya kamata gunduma ta riƙe?

Ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnati, GFOA, ta ba da shawarar kada ajiyar babban asusu ta gaza abin da zai gudanar da gunduma na wata biyu, wato kusan kashi 17 cikin ɗari na kasafin shekara. Gundumar da ke bakin teku inda guguwa ke ɓarna, ko wadda ta dogara da masana'anta ɗaya ko harajin mai, tana bukatar fiye da haka, domin kuɗin agajin tarayya kan iso ne bayan an riga an kashe.

Yawan ajiya ma abin tambaya ne. Idan ta kai rabin kasafi shekara da shekaru ba tare da rubutaccen dalili ba, ana karɓar haraji fiye da bukata ke nan, ko kuma ana barin gadoji suna lalacewa. Abin dubawa shi ne alƙiblar shekara biyar: ajiyar da ke raguwa a jere alama ce ta irin giɓin da aka bayyana a tambaya ta 7.

9. An sa batun cin bashi a takardar ƙuri'a. Yaya zan auna shi?

Gunduma na cin bashin manyan ayyuka ta hanyar sayar da takardun lamuni, ta biya cikin shekara 20 ko 30. Iri biyu ne manya. Na farko an jingina shi da harajin gida, shi ne yawanci ke bukatar ƙuri'a. A Kalifoniya sai ya samu kashi biyu bisa uku, in ban da na makarantu da kashi 55 ke isa. Na biyu ana biyansa daga kuɗin da aikin ke samarwa, kamar kuɗin ruwa ko na filin jirgi, kuma sau da yawa ba a tambayar kowa.

Nemi abu huɗu: jimillar da za a biya har da kuɗin ruwa, ba uwar kuɗin kaɗai ba, tsawon shekarun biya idan aka gwada da tsawon rayuwar abin da za a saya, domin bashin shekara 25 a kan motocin da za su mutu a shekara 8 wauta ce, ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka, sai kuɗin gudanarwa bayan an gama gini. Sabon gidan yari yana bukatar gandirebobi, kuma albashinsu ba ya cikin bashin.

Za ka kuma ci karo da alkawarin cewa bashin ba zai ƙara ma'aunin haraji ba. Yawanci ma'anarsa tsohon bashi ne ke ƙarewa, sabon zai maye gurbinsa, wato da an ƙi amincewa da harajin ya sauka.

10. Gunduma tana iya karyewa kuwa?

Tana iya neman kariyar kotu a ƙarƙashin Babi na 9 na dokar fatarar kuɗi, idan jiharta ta ba da izini. Abin ba ya yawan faruwa, amma misalai biyu sun isa darasi.

Gundumar Orange a Kalifoniya, ɗaya daga cikin masu arziki a ƙasar, ta shigar da takardunta ranar 6 ga Disamba 1994. Zaɓaɓɓen ma'ajinta, Robert Citron, ya shafe sama da shekara 20 a kujerar yana kawo riba fiye da ta sauran gundumomi. Yadda yake yi shi ne, ya ɗauki asusun kusan dala biliyan 7.5 ya jinginar, ya ci bashi a kai har jarin ya kai kusan biliyan 20, duk a kan zaton kuɗin ruwa ba zai hau ba. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga shi a Fabrairun 1994, asarar ta kai wajen dala biliyan 1.6. Abin da ya shafi mai zaɓe shi ne, a wannan shekarar wani akanta mai suna John Moorlach ya tsaya takara da Citron, ya yi ta gargaɗi a kan haɗarin, aka kayar da shi a watan Yuni. Bayan rushewar, Moorlach ɗin aka naɗa ma'aji. Masu zaɓe sun ƙi ƙarin harajin sayayya a 1995, aka rage ma'aikata da ayyuka, kuma sai a 2017 aka gama biyan bashin farfaɗowa.

Gundumar Jefferson a Alabama ta bi sahu a Nuwamban 2011 da bashin sama da dala biliyan 4, wanda fiye da biliyan 3 na magudanun ƙazanta ne. An fara da umarnin kotu na gyara magudanun, sai kuɗin aiki ya yi ta kumbura da cin hanci, sannan a 2002 da 2003 aka juya bashin zuwa mai kuɗin ruwa marar tsayuwa haɗe da wasu yarjejeniyoyin musaya da bankuna, waɗanda suka wargaje a rikicin 2008. Tsohon shugaban majalisar gundumar, Larry Langford, ya samu ɗaurin shekara 15. Gundumar ta fita daga kotu a Disamban 2013, da sharaɗin kuɗin magudana zai riƙa hawa wa mazauna shekara bayan shekara. Irin bashi na biyu ne da aka ambata a tambaya ta 9.

11. Me ya sa ake yawan kawo maganar fansho?

Domin shi ne bashin da ya fi sauƙin ɓoyewa. Kwamishinan da ya ƙara wa ma'aikata alkawarin fansho a maimakon albashi bai taɓa kasafin bana ba, ya tura nauyin ga majalisar da za a zaɓa nan da shekara 20. Tun daga 2015 ƙa'idojin akanta suka tilasta a rubuta giɓin fansho a cikin bayanin kadara da bashi.

Duba adadi uku a ƙarshen rahoton shekara. Na ɗaya, kashi nawa na alkawarin ke da kuɗi a ƙasa. Na biyu, abin da masana lissafin fansho suka ce a zuba da abin da aka zuba a zahiri, a jadawalin shekara goma. Gundumar da ke zuba ƙasa da abin da aka ce tana cin bashi ne a ɓoye. Na uku, ribar da ake hasashen jarin zai kawo, wadda a yawancin asusu ke kusa da kashi 7 cikin ɗari. Duk wanda ya ɗaga hasashen ya rage giɓin a takarda kawai.

12. Waɗanne takardu zan karanta, kuma ta ina zan fara?

Biyu sun isa: kasafin da aka gabatar, da cikakken rahoton kuɗi na shekara wanda ake taƙaitawa da ACFR. Kasafi niyya ce, rahoton kuwa abin da ya faru ne bayan oditan waje ya duba. Duka suna shafin gunduma, kuma idan tana da takardun lamuni za ka same su kyauta a rumbun EMMA da ke intanet, tare da matsayin da kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi irin su Moody's, S&P ko Fitch suka ba ta.

Rahoton kan kai shafi 200, amma kada ka bi shi daga farko. Fara da wasiƙar odita ka ga ko ya amince da lissafin ba tare da togiya ba. Wuce zuwa bayanin shugabanni da ke biye, 'yan shafuka ne cikin harshe mai sauƙi. Daga nan nemi jadawalin da ya gwada kasafi da abin da aka kashe a babban asusu, sai ka tsallaka sashen ƙididdiga na ƙarshe inda aka jera haraji, bashi da yawan ma'aikata na shekara goma. Gundumar da ta kashe dala miliyan 1 ko fiye na tarayya a shekara tana da wani binciken daban da ke lissafa kurakuran da aka gano. Kuskuren da ya maimaitu shekara uku yana nufin babu mai gyarawa. Rahoton da ya wuce wata tara bai fito ba shi kansa labari ne.

13. Wani ya yi alkawarin zaftare kashe kuɗi da kashi 10 cikin ɗari. Zai iya?

Tambaye shi daga wane layi. Kaso mai yawa na kasafin gunduma a ɗaure yake: biyan bashi, fansho, yarjejeniyar albashi da ƙungiyoyin ƙwadago, tallafi mai sharaɗi, da ayyukan da jiha ta wajabta kamar gidan yari, lauyan marasa galihu da zaɓe. A jihar New York har wani kaso na kuɗin inshorar lafiyar talakawa, Medicaid, gundumomi ke biya. Sherif kuma zaɓaɓɓe ne mai cin gashin kansa. Majalisa na yanka masa jimilla, amma ba ta cika iya gaya masa yadda zai kashe ba. Abin da ya rage a hannu shi ne ɗakunan karatu, wuraren shaƙatawa, asibitocin unguwa da gyaran hanya, kuma a kansu wuƙar ke sauka.

Haka ma mai alkawarin sabon aiki, a tambaye shi kuɗin. Gundumar Cook ta Shikago ta fara karɓar harajin lemon kwalba na santi ɗaya a kowane oza a Agustan 2017, jama'a suka yi ca, majalisa ta soke shi a Oktoba, aka bar ramin kusan dala miliyan 200 da sai da aka cike da sallamar ma'aikata.

14. Ina ganin an yi wa gidana ƙiyasi fiye da kima. Me zan yi?

Ɗaukaka ƙara, kuma da wuri, domin wa'adin gajere ne, a wurare da yawa kwana 30 zuwa 45 daga ranar sanarwa. Fara da duba bayanan gidan a rajista, wato faɗinsa, yawan ɗakuna da shekarar gini, don kuskure a nan shi ya fi sauƙin gyarawa. Sannan tattaro gidaje uku zuwa biyar makamantan naka da aka sayar kwanan nan a unguwar. Hujjar da ake saurara ita ce darajar ba daidai ba ce. Kukan cewa haraji ya yi yawa ba a nan ake kai shi ba, duba tambaya ta 15. Tabbatar kuma ka nemi rangwamen gidan da mutum ke zaune a ciki, da na tsofaffi idan ka cancanta, domin a jihohi da yawa sai an cika fom.

Idan matsalar ta dukan unguwa ce, to ta zama ta zaɓe. A gundumar Cook, binciken 'yan jarida a 2017 ya nuna ana ƙiyasta gidajen talakawa sama da darajarsu, na masu hali kuma ƙasa. A zaɓen fidda gwani na Maris 2018 jami'in ƙiyasi Joseph Berrios ya sha kaye a hannun Fritz Kaegi.

15. Yaushe ne magana ke da amfani?

Ya danganta da farkon shekarar kuɗi. Inda take farawa 1 ga Yuli, kamar Kalifoniya da Maryland, ana gabatar da kasafi tsakanin Maris da Yuni. A Florida tana farawa 1 ga Oktoba: sanarwar harajin da ake shirin ɗorawa kan isa gidaje a Agusta, a yi zaman jin ra'ayi biyu a Satumba. Wanda ya je zaman ƙarshe ya tarar an gama yanka. Zaman bita na sassa, makonni kafin nan, shi ne inda adadi ke motsi. Yawanci minti biyu ko uku ake ba kowa, kuma wasu gundumomin sai an yi rajistar magana tun kafin ranar. Je da lambar shafi da tambaya ɗaya.

Game da ƙuri'a, a gundumar da jam'iyya ɗaya ta mamaye, zaɓen fidda gwani ne ke yanke hukunci, ba na Nuwamba ba. Nemi samfurin takardar ƙuri'a daga ofishin zaɓen gunduma tun da sauran makonni, ka karanta har bayanta, domin batutuwan bashi da haraji a can ƙarshe ake buga su.